Ana iya taka dajin Yankari da ƙafa? Amsa ga masu shirin zuwa

Tambayar da aka aiko ita ce: "Mu abokai ne daga Kano, mun saba hawan Dala da Goron Dutse da sassafe don motsa jiki. Muna so mu je Yankari, amma ba ma son a zuba mu a mota a yi ta yawo da mu. So muke mu taka dajin da ƙafarmu. Ana bari? Akwai haɗari? Wane lokaci ya fi, kuma me za mu riƙe?"

Malam, sannunku da wannan niyya, Allah ya cika muku ita. Ana takawa a Yankari, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba ya canzawa don kuna da ƙarfi ko kun saba da hawan dutse: ba a barin baƙo ya saɓa jaka ya kutsa daji shi kaɗai. Tsarin da aka saba shi ne ku fita daga sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun, a mota tare da ɗan jagora, idan an isa wuraren da aka san ana sauka sai ku sauka ku taka. In kuna son tafiya mai ɗan tsawo fiye da haka, sai ku nemi izinin hukumar gandun tun da wuri, ta haɗa ku da dogarin daji, shi kuma ya zaɓi inda za a bi gwargwadon inda namun suke a ranar. Idan suka ce yau ba za a taka ɓangare kaza ba, ku karɓa da hannu biyu. Sun san abin da ya kwana a wajen.

Ku fara da sanin girman abin da kuke magana a kai. Faɗin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Daga Dindima a kan titin Bauchi zuwa Gombe ake ratsewa, a yi kimanin kilomita 29 kafin ƙofar shiga ta Mainamaji, sannan daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40. Tsakanin ƙofa da wurin kwana kaɗai ya fi abin da jarumin cikinku zai taka a yini guda cikin rana. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006. A duk tsawon wannan lokaci ba a shata wa masu yawon ƙafa hanyoyi masu alluna da kibiyoyi irin na ƙasashen Turai ba. Abin da ke akwai shi ne titunan mota na ƙasa, da hanyoyin sintirin dogarai, da turbobin da namun daji suka huda da kansu zuwa ruwa. Wanda ya bi turbobin namun ba da jagora ba, yana tafiya ne a kan hanyar giwa da ɓauna, kuma ba su san da zuwansa ba.

Batun lokaci kuwa, ku manta da damina. Daga Mayu zuwa Satumba gamba kan fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke taku goma a gabanka, hanyoyi sun jiƙe, namun kuma sun watsu ko'ina domin kowane kududdufi akwai ruwa. Da rani ne daji ke buɗewa. Ciyawa ta bushe, wani wajen an ƙone ta tun farkon rani, toho ya fito, ƙananan tafkuna sun ƙafe, sai komai ya doshi kogin Gaji da fadamarsa, wanda ya ratsa tsakiyar gandun. Masu zuwa kallo a mota sun fi samun abin gani a Maris da Afrilu, lokacin da ƙishirwa ta tara namu a bakin ruwa. Amma a waɗannan watanni zafi kan haura digiri 40, kuma mai tafiya da ƙafa shi zai ɗanɗana kuɗarsa. A ganina, ku da za ku taka, Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi muku. Hazo zai ɗan rage muku nisan hange, amma safiya na da sanyi, jiki na da ƙarfi. Ku fita da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, ku dawo kafin hantsi ya dubi ludayi, ko ku sake fita bayan la'asar. Kada ku haɗa wannan tafiya da azumi, ko na nafila ne. Ina faɗar haka da gaske, domin jiri da suma a tsakiyar daji nauyi ne a kan duk wanda ke tare da kai.

Yanzu ga abin da ya sa nake ƙarfafa wa mutane gwiwa su sauka daga mota ko da na awa biyu ne. Daga mota dabba kake nema, in ba ka gan ta ba ka ce yau ba a yi sa'a ba. A ƙafa kuwa, ƙasa ce ke ba ka labari, kuma ba ta taɓa rasa abin faɗa. Ka duba rairayin busasshiyar ƙorama da safe kafin iska ta share shi. Sawun giwa ne zai fara ɗaukar idonka, na gaba zagayayye, na baya ya ɗan yi tsawo, da tsage-tsagen tafin ƙafarta a fili idan sabo ne. In ka zagaya sawun gaba da igiya ka ninka tsawon sau biyu, ka samu kusan tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Idan ka ga ƙananan sawu a tsakanin manya, garke ne na uwaye da 'ya'ya, kuma a nan za ka ga fuskar dogari ta canza, ya fara duban inda iska ke kaɗawa. Kashinta ma yana faɗar lokaci: wanda yake da danshi da ɗumi, ƙudaje na kai, buzuzu ya fara mirgina rabonsa, to ba ta yi nisa ba. Wanda ya bushe ya zama ɓawon ciyawa, fakara da zabin daji sun tona shi, ya kwana biyu. A ciki za ka ga ƙwallon giginya da sauran 'ya'yan itatuwan da ta haɗiya, ka gane yadda take shuka daji tana tafe.

Sawun zaki da na kura kan ruɗa baƙo, alhali bambancinsu a fili yake. Kura tana barin alamar farce a gaban kowane yatsa, zaki kuwa yana tafiya da faratansa a ɓoye, sai ka ga sawun zagayayye babu tsini. Kashin kura idan ya bushe fari fat yake zama saboda ƙashin da take tauna. Turbar dorina kuma daban take: layi biyu ne a jere da ɗan tudun ciyawa a tsakiya, ta taso daga ruwa ta nufi makiyaya, a gefenta ga kashi a watse a jikin ganye inda ta kaɗa shi da wutsiya. Gadu za ka gane shi da inda ya durƙusa a gwiwa ya tona saiwa. Gwanki da kanki da gwambaza da mazo, kowanne da girman kofatonsa da irin wurin da yake so. Gwambaza ba ya nisa da ruwa, mazo yana son duhuwar bakin rafi. Ɗan jagora mai sanin aikinsa zai nuna muku duk wannan in kun nuna kuna son sani. Mafi yawan baƙi ba sa tambaya, "ina zaki?" kawai suke cewa, shi ma sai ya kama bakinsa.

Kunne ma yana da nasa aikin. Gwaggon biri in ya yi haushi mai ƙarfi daga kan bishiya, ya ga wani abu ne. Carki in ya tashi da tsuwa daga cikin ciyawa, akwai babbar dabba a ƙasansa, sau da yawa ɓauna. Ƙarar karyewar reshe daga nesa, giwa ce ke ci. Tsuntsayen Yankari sun haura iri 350, daga burtu mai takama a fili zuwa cilakowa da gaggafa, kuma injin mota ne ke hana yawancin mutane jin su. Shi ya sa nake roƙonku ku bar sifika da waƙa a masauki, ku sa waya a shiru, ku rage hira. Tafiya ce ta sannu, a jere ɗaya bayan ɗaya, dogari a gaba, babu mai wuce shi, babu mai tsayawa baya ɗaukar hoto ba tare da ya faɗa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Kilomita 5 ko 6 a irin wannan tafiya sun ishe ku safiya guda.

Kun tambayi haɗari. Akwai shi, ba zan rufe muku ba. Kowa zaki yake tsoro, amma zakunan Yankari kaɗan suka rage, suna daga cikin na ƙarshe a duk Najeriya, kuma suna kauce wa mutum tun kafin ya gan su. In Allah ya haɗa ku, kada kowa ya ruga, domin gudu ne ke tayar masa da halin farauta. Ku tsaya a dunƙule, ku fuskance shi, ku ja da baya a hankali yadda dogari ya ce. Waɗanda ma'aikatan daji suka fi shakka su ne giwa mai ɗa, da tsohon ɓauna da ya ware daga garke yake kwanciya a duhuwa, da dorina. Giwa ba ta da kaifin gani, amma hancinta da kunnenta ba su da wasa, saboda haka za ka ga jagora ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya da ku yadda ba za ta kai mata ƙanshinku ba. In ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, tana girgiza shi, gargaɗi take yi, kun matso da yawa. Toron da ka ga ruwa na tsiyaya daga gefen fuskarsa, tsakanin ido da kunne, yana cikin lokacin da ba ya ɗaukar raini, a ba shi fili mai yawa. Kuma duk nauyinta, giwa ta fi mutum gudu. Dorina kuwa da dare take fita kiwo, da asuba take komawa ruwa, daidai lokacin da ku kuke fitowa. Kada a tsaya a kan turbarta, kada a shiga tsakaninta da kogi. Haka nan kada wanda ya tsuguna alwala ko wanke fuska a bakin Gaji, akwai kada. A riƙo ruwan alwala daga masauki.

Amma in gaskiya za a bi, abubuwan da suka fi ɓata wa masu tafiya yini ƙanana ne. Na farko ƙishirwa. Kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita 3 don tafiyar safiya, ya riƙa kurɓa tun bai ji ƙishi ba, a jefa ƙunshin gishiri da sukari irin na kemis a jaka. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. Na biyu takalmi. Ban da silifas, ban da sabon takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba. Rufaffe mai kaurin ƙasa, da safa mai kauri, da dogon wando da za a cusa bakinsa cikin safar saboda kaska da ƙarangiya. Na uku ƙudan tsando, wanda ke zama a inuwar bakin rafi. Cizonsa da zafi, yana huda yadi marar kauri, kuma shuɗi da baƙi ne suka fi jawo shi. Ku sa ruwan ƙasa, ko kakin soja, ko kore mai duhu-duhu. Farar shadda kuma daga nesa dabba ke hango ta. A bar turare a ɗaki, saboda namu da ƙudan zuma. Malfa ko hula mai baki ta fi hular da muke sawa zuwa masallaci amfani a nan.

Maciji yana buƙatar magana ta musamman, domin wannan yanki na Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, har akwai asibitin da ya shahara da jinyar saran maciji a Kaltungo. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take a kan hanya ta dogara da ɓoyuwarta. Ka riƙa duban inda za ka sa ƙafa, kada ka tsallake gungume ba ka ga bayansa ba, kada ka cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, da dare kuma ko a cikin sansani ka riƙe tocila. Idan tsautsayi ya faɗa, ban da ɗaure wurin tamau da igiya, ban da tsagawa da reza, ban da tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin, kada a bar shi ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar maganin dafi ba tare da an tsaya gwada wani magani ba. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya jin kamar babu komai a farko alhali aikin na gudana a ciki, kuma tsagar da aka yi masa ita za ta zama ƙofar zubar jinin.

Game da wuraren da ake sauka a taka, wanda na fi so a kai baƙo shi ne kogunan Marshall. Ɗakuna ne guda 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, an sa musu sunan P.J. Marshall wanda ya bayyana su ga masu bincike a 1980. Ƙofar kowanne ƙarama ce, sai ka sunkuya, ciki kuma ya buɗe. Ana kyautata zaton mafaka ce ta lokacin hare-haren kamun bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 130, waɗanda aka haƙa kusa da juna aka haɗe su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. A kula da ƙafa a wajen, bakin wasu ciyawa ta rufe shi. Akwai kufan maƙera a Shau Shau, inda murahun narkar da tama kusan 60 suke tsaye har yanzu. Duk wannan na nuna cewa dajin da muke gani shiru a yau, gari ne a da, da masu sana'a da masu tsoro da masu neman ruwa. Mai son hawa kuma, tudun Kalban yana da shimfiɗaɗɗen kai, daga samansa ana hango daji ya miƙe ta kowace fuska. Kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a ɗauko ko tsingaro guda.

Bayan an dawo, ruwan Wikki na jira. Daga gindin dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa cikin Gaji kowace rana. Sai dai a kula da birai. Na sansanin sun saba da mutane har sun raina su, suna fizge leda daga hannu, suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Mu ne muka koya musu, da miƙa musu biskit don a ɗauki hoto. Kada ku ƙara a kan wannan.

Ina so in ce wani abu kan dogaran da za su raka ku, domin raina kan ɓaci idan na ga baƙo yana yi musu magana kamar 'yan aikensa. Waɗannan mutane kan yi kwanaki a daji suna sintiri da ƙafa, suna arangama da mafarauta masu bindiga da masu shigo da shanu, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a wannan aiki. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen tsaron gandun, har an saƙala wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, abin da ke taimakawa wajen gargaɗin manoman ƙauyukan kewaye kafin garke ya faɗa musu gona. Garken giwayen Yankari shi ne mafi girma da ya rage a ƙasar nan, kuma bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Ku gai da dogaran da kyau, ku tambaye su, ku bi maganarsu ko ba ku ga dalili ba, ku yi musu ihsani in an dawo. Kada ku roƙi a matsa da ku kusa da dabba don hoto ya fito, domin in abu ya lalace shi ne zai tsaya a gaba, kuma wataƙila dabbar ce za a harbe saboda son ranku. Robar ruwa da leda kuma, duk abin da ya shiga daji a jakarku ya fito a cikinta.

In kuma abin da ke ranku shi ne tafiya ta gaske, ta kwanaki, da kwana a tanti da hawan tsauni, to Yankari ba za ta ƙosar da ku ba. Gashaka Gumti za ku nufa, tsakanin Taraba da Adamawa, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000. Hedikwatarsa na Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi Bali ta hau Mambila. Can mota ba ta da inda za ta kai ka sosai, ƙafa ce abin hawa. Akwai kurmi mai duhu wajen Kwano inda biri mai ganga, wato babban biri marar wutsiya, yake, akwai koguna da ake tsallakawa da ƙafa, akwai rugagen Fulani a kan tsaunuka, sannan ga Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasar, a kan iyaka da Kamaru. Can ma da jagoran gandun ake tafiya, da 'yan dako daga ƙauyukan wajen, kuma wanda yake jin Fulatanci a cikinku zai yi muku rana. Damina ta fi daɗewa a can, don haka Disamba zuwa Maris ne lokacinsa, kuma ku riƙi bargo da rigar sanyi na ƙwarai, sanyin saman dutsen da dare ba irin na Kano ba ne. 'Yan'uwanmu na Ghana kuwa suna da gandun Mole kusa da Larabanga, inda fita da ƙafa safe da yamma tare da dogari mai bindiga abu ne na yau da kullum, har a tsaya ana kallon giwaye a bakin tafki.

Duk inda kuka zaɓa, ku bincika halin tsaro a makon da za ku tashi, kada ku dogara da labarin wanda ya je bara. Kun san yadda 'yan bindiga suka mayar da wasu dazuzzukan Arewa, irin su Kamuku, wuraren da ba a shiga. Ku tuntuɓi hukumar gandun kai tsaye, ku ji ta bakin mutanen yankin, ku yi tafiyar hanya da rana, ku shiga ƙofa da sauran haske domin tsakaninta da masauki akwai tafiya. Ku bar wa wani a gida bayanin inda za ku kwana da ranar dawowarku, domin sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne da zarar an yi nisa da sansani. Ku riƙi tsabar kuɗi a hannu, ku cika tankin mota tun daga Bauchi, kuma kada ku wuce mutum shida ko bakwai a bayan dogari ɗaya. In kun fi haka, ku nemi a raba ku gida biyu.